JAWABI A KAN AIKIN FIƊAR ƘARIN DAJI DA KE TSIROWA A CIKI YA KAMA HANJI

Jama'a sun daɗe da sanin ciwon daji, wanda waɗansu ke kira sankara, musamman irin wanda yake kama mama da bakin mahaifa da hanta, gama da wuya a sami garin da bai taɓa shiga ba. Amma akwai wani irinsa da ba a cika jin labarinsa ba saboda ƙarancinsa, watau wanda yake tsirowa daga kitse ko tsoka ko jijiyoyin da ke can cikin ciki, ya yi ta girma a ɓoye har ya manne wa hanji ko ya danne shi. Likitoci suna kiran wannan dangin ciwo da sunan sakoma. Makasudin wannan jawabi shi ne a bayyana wa jama'a yadda ake aikin fiɗa a kansa, da kuma dalilin da ya sa aikin farko da aka yi wa majiyyaci ya fi duk wanda zai biyo baya muhimmanci. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Idan aikin farko ya yi kyau, mutum yana da kyakkyawan rabo na warkewa. Idan kuwa aka yi shi da gaggawa a wurin da babu kayan aiki, aka fasa ƙarin ko aka bar ɓarɓashinsa, to, da wuya ƙwarai aiki na biyu ya gyara abin da na farko ya ɓata.

MENE NE SAKOMA?

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙwayoyin halitta ƙanana waɗanda ido ba ya gani, suna haihuwa suna mutuwa bisa ƙa'ida. Ciwon daji yana farawa ne sa'ad da wata tangarɗa ta auku cikin ɗaya daga cikinsu, ta yi ta haihuwa ba tsayawa, har 'ya'yanta su taru su zama ƙari. Yawancin dajin hanji da aka sani yana tasowa ne daga shimfiɗar da ke cikin hanjin, inda abinci ke bi. Sakoma kuwa daga kayan da ke riƙe da jiki take tasowa, kamar kitse da tsoka da bangon jijiyoyin jini. Ba ta wuce kamar kashi 1 cikin 100 na dukan ciwon dajin da ke kama manya ba, kuma ita kanta ta kasu fiye da iri 50, kowane da halinsa. Ba a ɗaukarta daga wani, saboda haka babu dalilin ƙyamar mai ita ko ware masa kwano. Ta fi kama mutanen da suka haura shekara 50, maza da mata, ko da yake takan kama matasa ma.

Iri uku ne suka fi shafar hanji. Na farko shi ne sakomar kitse, wadda take tsirowa a bayan tantanin da ya lulluɓe kayan ciki, can kusa da ƙoda da ƙashin baya. Wannan wuri yana da faɗi, kuma babu ƙashin da zai tare ƙari, don haka yakan girma ya kai girman kabewa kafin mai shi ya farga. Na biyu shi ne sakomar tsoka, wadda sau da yawa take fitowa daga bangon manyan jijiyoyin jini na bayan ciki, wani lokaci kuma daga jikin hanjin kansa. Sakomar da ke tsirowa a wannan lungu na bayan ciki ta kai kamar kashi 15 cikin 100 na dukan sakomar da ba ta ƙashi ba.

Na uku shi ne ƙarin da likitoci ke kira jist, wanda yake fitowa daga bangon tumbi ko na hanji. A cikin wannan bango akwai waɗansu ƙwayoyi da ke tsara motsin hanji, kamar yadda makaɗi ke tsara takun 'yan rawa, waɗanda wani masani ɗan ƙasar Sifen mai suna Kahal ya fara bayyanawa. Shi ne ya sami lambar yabo ta Nobel a shekarar 1906. Daga dangin waɗannan ƙwayoyi jist yake tasowa. Kamar kashi 60 cikin 100 nasa a tumbi ake samunsa, kamar kashi 30 a ƙaramin hanji, saura kuma a babban hanji da dubura da maƙoshi. A ƙasashen da aka ƙidaya, mutum 10 zuwa 15 ne cikin miliyan ɗaya yake kamawa a shekara.

ALAMOMIN DA YA KAMATA A KULA DA SU

Babbar matsalar wannan ciwo ita ce ba ya yin zafi da farko. Mutum yakan lura cewa tazugen wandonsa ya soma matse shi, ko zanen mace ya daina kai mata, alhali wuya da hannuwa suna ramewa. Waɗansu sukan ji wani dunƙule mai tauri idan sun kwanta rigingine sun shafa ciki. Akwai saurin ƙoshi bayan loma kaɗan, da nauyin ciki, da ciwon baya, da kumburin ƙafa ɗaya ko duka biyu idan ƙarin ya danne jijiyar jini. Shi kuwa jist yakan yi gyambo ya riƙa zubar da jini cikin hanji, sai a ga bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko a yi aman jini, ko jini ya yi ta raguwa a hankali har mutum ya ɗashe, yana haki da ɗan tafiya kaɗan. In ƙarin ya toshe hanji, sai ciki ya kumbura, amai ya ƙi tsayawa, bayan gida da iska su ƙi fita. Wannan hali na gaggawa ne, ba a kwana da shi a gida.

Lalle ne a sani cewa ba kowane kumburin ciki ne daji ba. Saifa takan kumbura, ruwa yakan taru a ciki saboda ciwon hanta, tarin fuka yakan kama hanji, mata kuma sukan sami ƙarin mahaifa wanda ba daji ba ne. Da ido ko da hannu ba a iya rarrabe waɗannan. Abin baƙin ciki shi ne mutane da yawa sukan shafe watanni suna cewa sammu ne, ko kuwa kwantaccen ciki ne ga mace, ana ta jiƙe-jiƙe da hayaƙi, wani lokaci har a kai ga tsaga ko sakiya. Tsaga a fatar ciki ba ta kai wa ga ƙarin da ke bayan hanji, sakiya kuwa tana iya huda hanji ko ƙarin kansa, ta jawo ruɓa ko ta watsa ciwon. Kowane wata da aka ɓata, ƙarin yana ƙara kama wata gaɓa.

ABIN DA AKE YI KAFIN A SA WUƘA

Likitan fiɗa na ƙwarai ba ya buɗe ciki don ya ga abin da ke ciki. Sai ya riga ya sani sa'an nan ya buɗe. Abu na farko shi ne hoto. Hoton sikanin da ake shafa wa mutum mai a ciki yana nuna cewa akwai ƙari, amma bai isa a tsara aiki da shi ba. Wanda ake bukata shi ne hoton siti, watau na na'urar nan mai kama da ƙaton zobe wadda take nuna cikin jiki yanki-yanki. An fara amfani da ita a Ingila a shekarar 1971. Ita ce take nuna girman ƙarin, da gaɓoɓin da ya kama, da kusancinsa da manyan jijiyoyin jini. Akan ɗauki hoton ƙirji kuma, don a ga ko ciwon ya kai huhu. Idan ana zaton tumbi ne ko hanji, akan zura wani siririn bututu mai fitila ta baki ko ta dubura a duba.

Abu na biyu shi ne a ɗebo ɗan ƙanƙanin naman ƙarin a auna. Ga ƙarin da ke bayan ciki, ana yin wannan da wata allura ta musamman, a kashe wurin da magani, a bi ta baya ko ta gefe, hoto yana nuna wa likita hanya. Haɗarin a watsa ciwon ta wannan hanya ƙanƙane ne ƙwarai. Amfaninsa kuwa babba ne, gama akwai cututtukan da ke kama da sakoma a hoto amma magani ne ke warkar da su, kamar dajin kaluluwa da tarin fuka na ciki. Akwai ma wani ƙari da ake kira desmoyid, wanda ba ya yaɗuwa zuwa wasu gaɓoɓi, wanda a yanzu likitoci sukan fara sa masa ido ne tukuna, domin wani yakan tsaya ko ya ragu da kansa. Wanda aka yi wa babbar fiɗa a kan irin waɗannan ya sha wahalar banza. Abin da ba a so shi ne a tsaga ciki a yanko gefen ƙarin a rufe, domin wannan yana buɗe wa ciwon ƙofa zuwa cikin ciki duka.

Abu na uku shi ne shawara. A manyan asibitoci likitan fiɗa, da likitan hoto, da mai binciken nama da madubin ƙara girma, da likitan magungunan daji, da mai ba da maganin barci, sukan zauna tare su duba takardun majiyyaci su tsai da shawara ɗaya. Ana auna ƙarfin zuciya da huhu, da yawan jini, da lafiyar ƙodar da za a bari idan za a cire ɗaya. Wanda ya rame akan fara gina jikinsa da abinci, mai shan taba kuma a hana shi. Makonni biyu ko uku da aka yi ana wannan shiri ba ɓata lokaci ba ne, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

YADDA AKE AIKIN

Sakomar bayan ciki takan yi wata 'yar fata a kewayenta, wadda ke sa a yi zaton za a iya ɓare ta a ciro ta kamar yadda ake ɓare lemo. Wannan fata yaudara ce, domin ƙwayoyin ciwon sukan ratsa ta su shiga kitse da gaɓoɓin da ke manne da ita. A da, likitoci sukan ɓare ƙarin su bar gaɓoɓin, sai ciwon ya yi ta dawowa a wurin. A shekarar 2009 likitocin birnin Milan na Italiya da waɗansu na Faransa suka buga sakamakon aikinsu, inda suka nuna cewa idan aka cire ƙarin a dunƙule tare da gaɓoɓin da ke jingine da shi, dawowar ciwon a wurin tana raguwa. Wannan hanya ce cibiyoyi da dama suke bi a yau, musamman ga sakomar kitse.

Ma'anar wannan ita ce majiyyaci yana iya rasa ƙoda ɗaya da wani sashe na babban hanji, ko da su kansu suna aiki lafiya, domin su ne bangon da ya kewaye ƙarin. Idan a hagu yake, wani lokaci akan haɗa da saifa. Manomi ya san cewa mai son fitar da ƙiriƙiri daga gona ba ya tsinke ganye, yakan haƙo shi ne da saiwa da ƙasar da ke jikinsa. Haka likita yake yi. Ƙa'idoji biyu ne ba a karyawa: kada a fasa ƙarin, kada kuma a ciro shi gunduwa-gunduwa. Aiki ne mai cin sa'o'i da yawa, ta doguwar tsaga a tsakiyar ciki, kuma sau da yawa yana bukatar ƙarin jini.

Game da gashi da haske kafin fiɗa, an yi wani babban gwaji a kan majiyyata 266 a ƙasashe 13, aka buga sakamakonsa a shekarar 2020. Gwajin ya nuna cewa idan aka haɗa majiyyatan gaba ɗaya, gashin bai rage dawowar ciwon a ciki ba, saboda haka ba kowa ake yi wa ba sai wanda likitoci suka zaɓa. Alluran kashe ƙwayoyin daji ma amfaninsu ya danganta da irin sakomar. Har yanzu dai fiɗa ce babbar hanyar warkarwa.

AIKIN ƘARIN JIST

Jist yana da nasa hukunci dabam. Da wuya ya bi kaluluwa, saboda haka ba a bukatar yanke wuri mai faɗi. Idan a tumbi yake, akan yanke shi ne da ɗan gefen lafiyayyen nama a ɗinke, a bar sauran tumbin. Idan a ƙaramin hanji ne, a yanke guntun da yake a haɗa bakin biyu. Ƙananansa akan iya cire su ta 'yan ƙofofi da na'ura mai madubi ba tare da doguwar tsaga ba. Amma ƙari ne mai taushi, mai saurin fashewa, in kuwa ya fashe, ƙwayoyinsa sukan bazu cikin ciki kamar irin da aka watsa a sabuwar huɗa. Abubuwa huɗu ne ke nuna ko zai dawo: girmansa, da saurin haihuwar ƙwayoyinsa kamar yadda aka gani a madubi, da wurin da ya tsiro, da kuma ko ya fashe.

A kan wannan ciwo ne aka sami ɗaya daga cikin manyan nasarorin likitancin zamani. A shekarar 1998 masana a birnin Osaka na Japan suka gano ainihin tangarɗar da ke sa ƙwayoyinsa haihuwa ba tsayawa. A shekarar 2000 aka gwada wa wata mata a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, wadda ciwon ya riga ya bazu a jikinta, wata ƙwayar magani mai suna imatinib, ƙarin ya motse cikin makonni. A shekarar 2002 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yarda da maganin don wannan ciwo, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ba a rasawa. Kafin zuwansa, wanda ciwon ya bazu masa bai cika wuce shekara 1 zuwa 2 ba. Yanzu da yawa suna kai shekara 5 ko fiye.

Ana amfani da imatinib ta hanya uku. Ana ba da shi kafin fiɗa, na watanni 6 zuwa 12, don ƙarin ya ragu idan yana wuri mai wuya kamar dubura, ta yadda za a iya cire shi a bar mutum da mafitarsa. Ana ba da shi bayan fiɗa ga wanda ƙarinsa ke da haɗarin dawowa, kuma wani gwaji da aka buga a 2012 ya nuna shan shekara 3 ya fi na shekara 1 amfani. Ana kuma ba wanda ciwon ya bazu masa ya riƙa sha ba yankewa. Akwai jist ɗin da ba ya jin wannan magani, shi ya sa ake son a auna naman a san irinsa. Kada majiyyaci ya daina sha don ya ji sauƙi, domin ciwon yakan farfaɗo idan aka tsaya.

YANKE HANJI DA HAƊA SHI

Mutane da yawa sukan firgita da zarar an ambaci yanke hanji, har waɗansu su gudu daga asibiti. Ya kamata a sani cewa wannan aiki ba sabo ba ne. Tun a shekarar 1881 wani likita mai suna Bilrot ya yanke wani sashe na tumbin wata majiyyaciya a birnin Biyana na Ostiriya, ya haɗa shi da hanji, ta tashi. Ƙaramin hanjin babban mutum ya kai kamar mita 6, babban hanji kuma kamar mita 1 da rabi. Ana iya yanke guntu mai tsawo mutum ya ci gaba da cin tuwonsa kamar da. Wahalar narkar da abinci tana zuwa ne idan abin da ya rage na ƙaramin hanji bai kai mita 2 ba, likitoci kuwa suna lissafin wannan tun kafin aiki. Bayan an yanke, akan haɗa bakin biyu da zare ko da wata na'ura mai ɗinki, naman ya haɗe da kansa cikin kwanaki.

Wani lokaci ba ya yiwuwa a haɗa nan take, ko don hanjin ya kumbura, ko don ciki ya ruɓe, ko don majiyyaci ya galabaita. A nan akan fito da bakin hanji ta wata 'yar ƙofa a gefen ciki, a manna jaka da za ta riƙa tara bayan gida. Sau da yawa na ɗan lokaci ne, a mayar bayan watanni kaɗan. Ga waɗansu kuwa na dindindin ne. Mai irin wannan jaka yana noma, yana kasuwanci, yana zaman aure, kuma ma'aikatan jinya suna koya masa tsabtarta kafin a sallame shi. Game da ibada, hukuncin mai lalura sananne ne wurin malamai, sai ya tambaye su. Wajibi ne likita ya yi wa majiyyaci da iyalinsa bayanin yiwuwar wannan da harshen da suke ji, kafin a sa hannu a takardar yarda.

HAƊARI DA SAKAMAKO

Ba daidai ba ne a ɓoye wa jama'a cewa aikin yana da haɗari. Akwai zubar jini, da ruɓar rauni, da daskarewar jini a jijiyar ƙafa, da ciwon huhu saboda kwanciya. Wanda aka fi tsoro shi ne ɗinkin hanji ya yi yoyo, abin da yakan bayyana cikin makon farko da zazzaɓi da ciwon ciki mai tsanani da saurin bugun zuciya, kuma yakan sa a koma ɗakin tiyata.

An tara labarin majiyyata 1,007 da aka yi wa fiɗar sakomar bayan ciki a manyan cibiyoyi 8 na Turai da Amurka ta Arewa tsakanin 2002 da 2011. Matsakaicin faɗin ƙarin santimita 20 ne. Waɗanda suka rasu cikin kwana 30 na aikin ba su kai 2 cikin 100 ba. Bayan shekara 5, kashi 67 cikin 100 suna raye. Bayan shekara 10 kuwa, kashi 46. Wannan lissafi na cibiyoyin da suka saba da aikin ne, kuma binciken da aka yi a ƙasashe dabam-dabam ya nuna cewa majiyyata sun fi daɗewa idan aka yi musu aikin a inda ake yawan yinsa. Darasin da ke ciki a fili yake: tun da ciwon ba shi da yawa, likita yana iya shekaru bai gamu da shi ba, saboda haka tura majiyyaci gaba ba gazawa ba ce gare shi, cikar sanin aiki ce.

BAYAN AIKI

Bayan fiɗa hanji yakan yi kwanaki kaɗan bai motsa ba. Akan fara da ƙarin ruwa, sa'an nan ruwan sha, sa'an nan kunu ko koko, har a kai ga abinci sosai. Ana so majiyyaci ya tashi ya taka tun washegari ko jibi, ko da yana jin ciwo, domin tafiya tana tayar da hanji, tana kuma kare huhu da jijiyoyi. Zaman asibiti yakan kai mako 1 zuwa 2. Kada a ɗauki kaya mai nauyi, ko a yi daka ko huɗa, sai bayan mako 6 zuwa 8. Wanda aka bari da ƙoda ɗaya ya riƙa shan ruwa isasshe, ya guji magungunan kashe ciwo na kan tebur da jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba. Wanda aka cire wa saifa yana bukatar alluran rigakafi, ya kwana cikin gidan sauro, kuma kada ya yi wasa da zazzaɓi ko na yini ɗaya ne.

Duk naman da aka cire tilas ne a kai shi ɗakin bincike. Kada iyali su karɓe shi su binne kafin a auna, domin takardar sakamakon ita ce za ta nuna irin ciwon da maganin da zai biyo baya. A adana ta tare da hotuna da takardar sallama. Har wa yau, sallama ba ita ce ƙarshen jinya ba. Sakomar kitse takan dawo a wurinta, ko da bayan shekara 10; sakomar tsoka takan ɓulla a huhu ko hanta; jist kuma a hanta ko tantanin ciki. Saboda haka akan maimaita hoto duk bayan wata 3 zuwa 6 a shekarun farko, daga baya sau ɗaya a shekara.

INDA ZA A NUFA

Wanda ya ga ɗaya daga cikin alamomin da aka ambata ya fara zuwa asibitin da ke kusa da shi. In aka sami ƙari, ya nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa ko babbar cibiyar lafiya ta tarayya. Akwai asibitocin koyarwa a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos da Ilori da Ibadan da Legas da Inugu da Binin da sauran birane, ga kuma Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Idan hanji ya toshe ko jini ya ɓalle, tilas a ceci rai a inda ake. Amma ko a wannan hali, in aka buɗe aka tarar da ƙarin da ya fi ƙarfin wurin, abin da ya dace shi ne a warware toshewar, a bar ƙarin yadda yake, a tura majiyyaci gaba da zarar ya farfaɗo.

Maganar kuɗi ita ce takan hana mutane da yawa. Hoto da fiɗa da magani duk suna da tsada, amma jinkiri ya fi su tsada, domin ƙaramin ƙari aikinsa ƙarami ne. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta shekarar 2022 ta wajabta wa kowane mazaunin Nijeriya shiga tsarin inshora, ya kamata a yi rajista tun ana da lafiya. A asibitocin koyarwa akwai ofishin jin daɗin majiyyata inda marasa ƙarfi ke kai kukansu. A shekarar 2003 an fara wani shiri na ba da imatinib kyauta ta asibitin koyarwa na Ile-Ife, saboda haka wanda aka rubuta wa maganin ya tambayi likitansa ko akwai hanyar taimako da zai bi. 'Yan'uwa kuma su shirya ba da jini tun kafin ranar aiki, gama lafiyayyen mutum ba ya cutuwa don ya ba da leda ɗaya.

KIRA GA JAMA'A

Ana kira ga sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni, da shugabannin addini, da malaman makaranta, su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su iya karatu ba. Ana kira ga wanzamai da masu maganin gargajiya da ungozomai, waɗanda sau da yawa su ne ake fara kai wa kuka, da su tura duk mai dunƙule a ciki asibiti ba tare da sun taɓa shi ba. Ana kira ga magidanta kada su hana matansu zuwa a duba su, kada kuma su ƙi sa hannu don an ce za a yanke hanji ko a cire ƙoda. Majiyyaci yana da haƙƙin ya tambayi likita irin ƙarin da ke jikinsa, da abin da za a cire, da ko an saba yin irin aikin a wurin, kuma yana da haƙƙin neman shawarar likita na biyu. Wanda ya zo da wuri, aka auna shi sosai, aka yi masa aikin farko a hannun waɗanda suka saba, shi ne ya fi kowa rabon komawa ga iyalinsa da sana'arsa. Allah ya ƙara wa jama'a lafiya.